Kik ɗin tsohuwar tarakta: a gyara ko a sayi wani?

Tambaya: Ina sayar da hatsi a kasuwar Sabon Gari, Zariya. Na sayi wata tsohuwar ƙaramar tarakta don in riƙa ba da haya wajen Shika da Giwa. Kik ɗinta haɗe yake da dainamo, shi ke tayar da inji, shi ke cajin batir. Yanzu da ƙyar yake juyawa, batir kuma kullum a mace. Mai rewaya ya ce in sayo wani. In gyara ne ko in canza?

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya albarka a wannan nema. Shawarata ita ce kada ka fitar da ko kwabo na sayen wani sai an kwance wannan a gabanka. Irin waɗannan tsofaffin ƙarafa suna da ƙarko, kuma abin da ya fi kwantar da su datti ne da cinyewar buroshi, wato 'yan guntayen gawayin da ke kai wuta cikin kik. Ƙurar hunturun Zariya idan ta haɗu da maiƙo da garin buroshi, sai ta zama baƙin kunu a kan jan ƙarfen amecha (ɓangaren da ke juyawa a cikin kik), wuta ta kasa wucewa.

Kafin a taɓa shi a auna batir da mita. Cikakken batir yana nuna wajen volt 12.6. Idan ana murza makulli ya faɗi ƙasa da 10, wataƙila batir ne ya gaji, ko kawunansa sun yi tsatsa, ko wayar da ke kame da jikin tarakta ta saki. A duba bel ma, domin shi ke ɗaukar ƙarfin kik zuwa inji: in ka danna tsakiyarsa da yatsa kada ya lotsa fiye da santimita 1 da ɗan wani abu. In inji ya tashi, mita ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5. Idan ba ta kai ba, katawut, na'urar da ke daidaita cajin batir, na iya zama mai laifin, kuma kuɗinsa bai kai na kik ba.

In duk waɗannan lafiya suke, sai a cire wayar batir, a sauke kik ɗin. A sa alama a kan wayoyin da ke wuraren da aka rubuta A da F a jikinsa, a kuma ja layi a jikin murafun gaba da baya don su koma yadda suke. Dogayen ƙusoshi biyu ne suka riƙe shi. Buroshin da ya cinye ya kai rabi a canza shi, duka biyun lokaci guda, a kuma taɓa sifirin ɗinsu, don wanda zafi ya kashe ba ya danna buroshi. Boris mai ƙara ko mai girgiɗi a karanta lambar da ke jikinsa a sayo irinsa. Barin sa shi ke sa amecha ta riƙa gogar bango har ta ƙone.

Wajen wanki ne ake yawan ɓarna, don haka ka tsaya a kai. Murafu da fuli a wanke su da kananzir. Amma amecha da kwayil ba a tsoma su cikin fetur, yana narkar da shafen da ya raba wayoyin. A hure su da iska, a goge da tsumma mai tsabta. Jan ƙarfen da buroshi ke hawa a goge shi da samfefa mai laushi, lamba 400, ana juya shi har ya yi haske ko'ina. Ban da samfefar ƙarfe, burbushinta na haɗa wuta. Sannan a bi tsagogin da ke tsakanin ɓangarorin da guntun bakin zarto, a yashe su zurfin da bai kai milimita 1 ba. Giris kuwa a boris kaɗai, kada ɗigo ya taɓa wurin buroshi.

A nan lissafin kuɗinka yake. Mai rewaya ya ɗora kan mita ɗaya a jan ƙarfen, ɗaya a sandar amecha. In wuta ba ta wuce ba, kuma ba ka ga dalma ta narke ta fantsama a ciki ba, ba ka ji ƙaurin ƙuna ba, to gyara ne na buroshi, boris da ladan aiki. Yi shi ba tare da shakka ba. In kuwa amecha ta ƙone, sai an sake naɗi, kuma naɗi ya danganta da hannun mai yi da ingancin waya. A ganina, idan kuɗin naɗi ya wuce rabin farashin wani mai kyau, gara ka canza. Ka taya a Sabon Gari, ka tambaya a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, ka tafi da tsohon a hannu saboda mazauninsa da ɓangaren da yake juyawa. Na hannu kada ka biya sai an jona masa batir ka ga juyinsa, kuma a yi sharaɗin mayarwa.

Ka gama wannan tun da bazara. Da ruwa ya sauka a watan Mayu zuwa Yuni kowa huɗa yake nema, kwana uku a garejin rewaya kuwa ya isa manomi ya koma wajen wani. Ka ajiye buroshi da bel na ko-ta-kwana, ka ware wani abu daga kowace haya don gyara. Direbanka kuma ka ja masa kunne: kada ya riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15, in inji bai tashi ba ya saurara minti 1 ko 2 kik ya huce.