Ta ina ake fara ba da umarnin shirin almarar kimiyya?

Ƙanena, ka ce kana Samaru, kana son zama daraktan irin wannan shiri a talabijin. Ka nemi sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), sannan ka yi mataimakin darakta ko mai tace hoto, don a teburin tacewa kuskuren ɗauka ke fitowa fili.

A irin wannan shiri, koren ƙyallen baya, wanda ake ɗaukar ɗan wasa a gabansa don kwamfuta ta cire shi ta sa wani hoto a madadinsa, shi ya fi kayar da sababbin hannu. A ja shi ya miƙe sumul, a ba shi fitila biyu, hagu da dama. Ɗan wasa ya matso gaba kamar mita 2. In ya manne da ƙyallen, koren zai haska kunnensa da gefen hularsa, kwamfuta ta cinye su wajen cire bayan. Kada kowa ya sa koriyar riga.