Koren ruwa da hantar kifi: me ke faruwa a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon karfasa a ramin ƙasa. Da zafi ya kama, ruwan ya yi kore shar, da safe sai in ga wani abu kamar fenti yana yawo a gefe. Kifin ya rage cin abinci, waɗanda muka fasa kuma hantarsu ta yi fari-fari, tana dagargajewa a hannu. Ɗana ɗan jami'a ya ce gubar gansakuka ce ke taɓa ƙwayoyin gadon kifin. Shin haka ne? Kuma za a iya cin sa?
Daga wani mai kiwon kifi

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar ɗanka tana kan hanya, sai dai da ɗan gyara.

Abin nan mai kama da fenti galibi ƙwayoyin bakteriya ne masu rayuwa da hasken rana kamar tsiro, fitaccen cikinsu shi ne Microcystis. Wasu irinsa na samar da guba mai suna microcystin. Karfasa tana tace ruwa ta ci su, gubar ta bi ta hanji, jini ya kai ta hanta. Abin da ya sa hanta ce ke shan wahala shi ne, a jikin tantaninta, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi ta, akwai wasu ƙofofi da ake kira OATP, aikinsu shigar da gishirin ruwan matsarmama. Ta nan gubar ke sulalewa ciki.

Ga gyaran. Babban aikin gubar ba sake rubutun gado ba ne, dagula yadda ake karanta shi ne. Tantani yana kunna furotin ta hanyar manna masa wani sinadari mai suna fosfet, ya kashe shi ta hanyar cirewa. Cikin manyan masu cirewar akwai sinadarai biyu, PP1 da PP2A, kuma su gubar ke damƙewa. Sai ya zama fitila na kunne, makashinta ya lalace. Zaruruwan da ke riƙe da surar tantanin su saki, tantanai su dunƙule su rabu da juna, jini ya malala tsakaninsu. Mai yiwuwa dagargajewar da ka ji a hannunka ke nan.

Kafin a kai nan, hantar tana kokawa. A ɗakin gwaji, idan aka auna RNA, wato saƙon da ƙwayoyin gado ke aikawa, da na'urar qPCR, ana ganin aikin ƙwayoyin gadon kariya ya sauya, irin su GST da katalas da SOD da HSP70, sau da yawa su tashi da farko. GST ke ɗaure gubar da wani sinadarin kariya mai suna glutathione don a fitar da ita ta matsarmama. In gubar ta yi yawa ko ta daɗe, glutathione ya ƙare, sai ƙwayoyin gadon da ke umartar tantani ya mutu, kamar p53 da Bax da caspase-3, su karɓi ragama. Duk wannan na iya gudana kifi yana ninƙayarsa, abin da kawai za ka gani shi ne ya daina girma.

Amma kar a ɗora wa guba komai. Mutuwar asuba, kifi na haki a saman ruwa, yawanci ƙarancin iskar oksijin ce, domin gansakukar na shanye ta da dare. Abinci mai fumfuna ma yana lalata hanta.

Ka ɗebi ruwan a kwalba mai haske, ka rufe, ka sa a firji ya kwana. In koren ya taru a sama, alamar Microcystis ce; in ya kwanta a ƙasa, mai yiwuwa gansakuka ce ta yau da kullum. Tabbacin guba kuwa sai an yi gwajin da ake kira ELISA a ɗakin gwaji. Sannan ka nutsa farin faranti: in ya ɓace kafin santimita 20, ruwan ya yi kauri, abin so shi ne 30 zuwa 45. Ka dakatar da zuba kashin kaji, ka rage abinci, ka kwashe kumfar da ke gefe da safe, ka riƙa sauya wani kaso na ruwan kullum. Kada ka zuba kofa salfet, maganin kashe gansakuka, a kan kauri irin wannan. Yana fasa ƙwayoyin, gubar da ke ƙunshe cikinsu ta fito gaba ɗaya, ruɓewarsu kuma ta cinye oksijin. Awaki da shanu ma a hana su shan ruwan.

Batun ci: gubar ta fi taruwa a hanta da hanji, a tsoka kaɗan ce. Dafawa da soyawa da ƙyafewa ba sa kashe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikurogiram 1 a lita ɗaya ta ruwan sha, kuma a 1996 mutane fiye da 50 masu wankin ƙoda sun mutu a Caruaru ta ƙasar Birazil saboda ita. Kifin da ya mutu da kansa a binne shi. Sauran ka mayar da su ruwa mai tsabta na wasu makonni kafin sayarwa, a fasa a zubar da kayan ciki, a wanke tsokar sosai.