Amsa ga ƙanwarmu da surukarta ta hana ta allurar awo

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki, cewa cikinki na fari ne, wata biyar, kuma Hajiya uwar mijinki ta ce kada ki yarda a yi miki allura a wurin awo, wai ta hana haihuwa ce. Ni 'ya'yana shida, duk an yi mini ita, kuma tsakanin na biyu da na uku ma wata goma sha takwas ne kawai. Da tana tsayar da haihuwa ai da na huta.

Allurar da ake yi wa masu ciki ta tsinkau-tsinkau ce, tetanus. Abin da ya sa na daina wasa da ita, a gabana ya faru. Muna ƙauye lokacin, maƙwabciyata ta haihu a gida lafiya lau, ungozoma ta yanke cibi da tsohuwar reza. Kwana biyar yaro yana shan mama kamar ba gobe. Ana jibi suna sai ya ƙi kama nono. Bakin ya ɗaure tam, ko ɗigon ruwa ba ya shiga, ga jiki ya sandare, da an ɗaga labule haske ya taɓa shi sai ya banƙare. Tsofaffi suka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi. Kafin a kai asibiti lokaci ya ƙure. Ragon da aka saya yana ɗaure a tsakar gida muka yi zaman makoki.

Ƙwayar cutar a ƙasa take da kashin dabbobi, ta cibiya take shigar jariri. Shi kuma ba shi da wata garkuwa sai wadda ya samo daga jinin uwarsa tun yana ciki. Shi ya sa ke ake yi wa. Ana yin ta farko, bayan sati 4 a yi ta biyu, kuma ana so ta biyun ta kasance aƙalla sati 2 kafin haihuwa. Ta uku bayan wata 6, ta huɗu da ta biyar shekara-shekara. Idan kin cika biyar ɗin kin gama, sai ki adana katinki, kada yara su yage shi kamar nawa. Dantsen zai yi tsami kwana ɗaya ko biyu, wani sa'in da ɗan zazzaɓi. Ni dai iyakar abin da na gani ke nan.

Kada ki raina tsoron Hajiya. Mutanenmu ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau ba, ga kuma rigimar allurar shan inna ta 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka kada ki yi musu da ita baki da baki, ba za ki ci riba ba. Ki fara shawo kan maigidan, shi ya san ta inda zai ɓullo wa mahaifiyarsa. In da hali ki roƙe ta ta raka ki awo, malamar asibiti ta nuna mata kwalbar ta karanta mata abin da ke jiki. Tawa surukar haka aka yi da ita, daga baya ita ce mai tuna mini ranar komawa.

Ki kuma tambaye su maganin shafawa a cibiya tun yanzu, ki ajiye shi cikin kayan haihuwa tare da sabuwar reza. Allah Ya raba lafiya.