Tambaya da Amsa: Me ya sa tsohuwar kwamfuta ke ɓata haruffa masu ƙugiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Tudun Wada, kuma kwamfutar da nake aiki da ita tsohuwa ce mai Windows XP. Idan aka kawo mini rubutun Hausa a filashi, sai in ga ɗan akwati a gurbin ƙ da ɗ da ɓ, wani lokaci kuma alamar tambaya. Akwai ranar da rubutun ya fito daidai a fuskar kwamfuta amma firinta ta ɓata shi. Shin sai na sayi sabuwar kwamfuta? Daga mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba sai ka sayi sabuwa ba, domin Windows XP, wadda ta fito a 2001, ta san tsarin Unicode, wato tsarin da ke bai wa haruffan harsunan duniya lambobi, kuma haruffanmu suna cikinsa.

Asalin matsalar tsohuwa ce. Kwamfuta lamba take ajiyewa a madadin kowane harafi, kuma tsarin ASCII da aka fitar a Amurka a 1963 gurbi 128 kacal yake da shi, wanda ya ishi Ingilishi. Da aka faɗaɗa shi zuwa 256, harsunan Turai irin su Faransanci da Jamusanci ne suka cinye ƙarin, Hausa ba ta samu ko gurbi ɗaya ba, alhali tun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya. Sai da Unicode ya zo a 1991 kowane harafi namu ya samu lambarsa ta dindindin.

Akwatin da alamar tambayar ba ciwo ɗaya ba ne, kuma a nan nake so ka lura sosai. Idan ka ga akwati, harafin yana nan lafiya cikin fayil, samfurin haruffan da aka zaɓa, wanda masu shago ke kira font, shi ne ba ya ɗauke da siffarsa. Ka zaɓi rubutun gaba ɗaya ka mayar da shi Lucida Sans Unicode, wanda ke zuwa tare da Windows, ko ka sauke Charis SIL ko Doulos SIL, waɗanda kyauta ne kuma sun fi kyau a takarda. Alamar tambaya kuwa galibi tana nufin an riga an yi asara, wato wani ya ajiye fayil ɗin a tsohon tsarin da Notepad ke kira ANSI. Wannan ba ya gyaruwa da sauya font. Sai a koma ga mai rubutun, a roƙe shi ya sake ajiyewa a UTF-8, wato tsarin ajiya na Unicode.

Za ka kuma ci karo da fayil da aka rubuta "}asa" maimakon "ƙasa". An buga shi ne da tsofaffin font na Hausa da suka ɗora haruffa masu ƙugiya a kan maɓallan baka. Dabara ce da ta yi wa marubutanmu amfani matuƙa a zamaninta, amma ra'ayina shi ne kada ka fara sabon aiki da ita, domin duk kwamfutar da ba ta da wannan font ɗin ba za ta nuna rubutun daidai ba. Maimakon haka, a Word 2002 zuwa sama, ka rubuta 0199 ka danna Alt da X tare, ƙ za ta fito. 0257 na ɗ ne, 0253 kuma na ɓ.

Batun firinta kuwa, tsofaffin firintoci da yawa suna da nasu haruffan a cikinsu, kuma sukan musanya su da na kwamfuta don aiki ya yi sauri. Ka duba saitin firintar, ka zaɓi a aika haruffan TrueType, wato font ɗin kwamfutar, a matsayin hoto ko a sauke su cikinta. Idan za ka kai aikin wata maɗaba'a, ka mayar da shi PDF wanda aka cusa font ɗin a ciki, sannan ka buga shafi guda ka karanta kafin ka saki sauran.