Tambaya da Amsa: Ta ina zan fara neman asalin gidanmu?

Tambaya: Anti barka da aiki, ni dai kullum ana ce mana kakan babanmu fatake ne ɗan Gwanja, amma ba wanda ya san komai bayan haka, tsofaffin kuma suna ta tafiya. Ta ina zan fara? Daga ƙanwarki a Koki, Kano.

Amsa: Ƙanwata, fara da tsofaffin matan gidanku tun yau, goggo da inna, su ne rumbun labari wallahi, maza sai su ba ki suna uku su ce shi ke nan. Ki je da ɗan goronki da turare, ki kunna rikoda a waya amma ki nemi izini tukuna, kada ki tsare su da tambaya kamar 'yar sanda, ki bari hira ta ja kanta.

Kada ki tambayi shekara, ba su lissafi da ita. Ce musu zamanin wane sarki? In an ce lokacin da Turawa suka ci Kano, 1903 ke nan, in zamanin Sarki Abbas ne to tsakanin 1903 da 1919. Ki tambayi aska irin ta gidanku da kirari, don masu fataucin goro zuwa Gwanja, wadda ke arewacin Ghana yanzu, da yawansu Agalawa ne ko Tokarawa ko Kambarin Barebari.

Sannan a duba tsohuwar adaka ko gafaka, wasu kan rubuta haihuwa da ajami a bangon littafi. Gidan Makama, wato gidan tarihi na Kano, shi ma ki leƙa. Abin da kika samu ki tura guruf ɗinku na WhatsApp, za ki sha gyara kam!