Ina shan maganin hawan jini, wane irin bahon ruwan ƙanƙara zan kafa a gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 47, ina zaune a Malali, Kaduna. Kusan kullum da sassafe ina zuwa motsa jiki Murtala Square, ranar Asabar kuma mu buga ƙwallo. Ina so in kafa bahon ruwan ƙanƙara a gida irin wanda 'yan ƙwallon Turai ke shiga bayan wasa. Shin in sayi na roba da ake hurawa ne, ko in ba da a yi min a Panteka, ko in gyara tsohon firiza? Ga kuma halin da wutarmu ke ciki. Sannan shekara uku ke nan ina shan maganin hawan jini, wallahi na gaji da shi. Wani abokina ya ce tun da ya fara shiga ruwan nan ya ajiye nasa maganin. Tsorona kada in yi asarar kuɗi, ko in jawo wa kaina wata matsalar.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Tsoron da ka ambata a ƙarshe shi ne abin tsoro, asarar kuɗi mai sauƙi ce. Bari in sallami maganar baho tukuna, don ba ta da tsawo.

Tsohon firiza ka cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Ba a yi shi don mutum ya zauna a ciki ba, haɗin jikinsa na yoyo idan ruwa ya daɗe, ga waya da injin a ƙasansa. A gidajenmu da yawa ba a binne wayar ƙasa yadda ya kamata ba, mantuwa ɗaya ta cire fulogi ta isa. Durom ɗin roba mai cin lita 200 shi ne mafi araha, amma ba na son sa. Sau da yawa ba ka san wane sinadari aka zubo a cikinsa ba, kuma fita daga tsayayyen durom bayan ƙafa ta sandare aiki ne. Yaro ƙarami in ya leƙa ya faɗa da ka, ba ya iya juyowa. Na hurawa yana da kyau ga mai gwaji, sai dai ranar Kaduna ta watan Maris da Afrilu na cinye robarsa da wuri. Abin da na fi ba mutane shawara shi ne baho mai faɗi wanda bai wuce ƙugu ba, na roba mai kauri ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. Masu walda a Panteka suna iya yi, ka dai ce su naɗe bakin don kada ya yanke ka, su sa masa kan famfo a ƙasa na zubar da ruwa, da murfi mai kwaɗo.

A ƙasa za ka ajiye shi, a inuwa, kan daɓen siminti kusa da kwata. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, to lita 300 da kai a ciki kun doshi kilo 400, wannan ba kayan barandar bene ba ne. Ka shimfiɗa abin takawa da ba ya santsi.

Ga lissafin ƙanƙara, wanda masu talla ba sa faɗa. In ruwanka lita 200 ne yana kan digiri 27, kana so ya sauko 15, sai ka narkar da wajen kilo 25 na ƙanƙara, kuma duk shiga ɗaya sai ka sake. Da bazara, ruwan baƙin tankin da ya wuni a rana ya fi haka ci. Injin sanyaya ruwa yana raba ka da sayen ƙanƙara, amma yana son wuta ta sa'o'i a jere, kuma a watan Afrilun 2024 yunit ɗaya ya haura naira 200 ga 'yan Band A, rukunin da aka fi ba wuta. In ka sa shi, dole mai gyaran wuta ya haɗa masa na'urar da ke katse wuta da kanta da zarar ta zuba, kuma ka kashe komai kafin ka shiga. Da hunturu kuwa, Disamba da Janairu, ruwan da ya kwana a waje ya ishi sabon shiga ba sai da ƙanƙara ba. Ka sayi ma'aunin zafin ruwa, kada ka riƙa aunawa da hannu. Ruwan da babu na'urar tacewa da kulorin a canza shi duk kwana biyu ko uku a yi ban ruwan shuka da shi, don sauro cikin mako guda zuwa kwana goma yake kammala ƙyanƙyasa a ruwan da ke kwance.

Ga mai cikakkiyar lafiya, digiri 15 ne mafari, minti ɗaya zuwa biyu, ruwa iya ƙirji, kai a waje, da wani babba a kusa. 'Yan wasa suna yin digiri 10 zuwa 15 na kamar minti goma, kuma abin da suke nema shi ne rage tsamin jiki don wasa na gaba. Mai ɗaga ƙarfe ma ya sani, wani bincike da aka yi a Ostireliya aka buga a 2015 ya nuna shiga ruwan digiri 10 na minti goma bayan kowane atisaye, tsawon mako 12, ya rage ƙaruwar tsoka da ƙarfi.

To yanzu maganar abokinka. Malam, ruwan sanyi ba ya maganin hawan jini, ɗaga shi yake yi, kuma a take. Ni aikina gashi da koya wa mutane tafiya bayan shanyewar ɓarin jiki, kuma da wuya mako ya wuce ban ji wannan magana daga bakin majinyaci ko ɗan jinya ba: wai hawan jini zafi ne ya yi wa jini yawa, in an sanyaya jiki sai ya kwanta. Da can da tafarnuwa da zoɓo da ruwan randa ake faɗin ta, yanzu ta dawo da ƙanƙara ta TikTok. Hawan jini ba ruwansa da zafin jini. Ƙarfin da jini ke tunkuɗar bangon jijiya ne ya yi yawa. Ka taɓa danne bakin tiyo da babban yatsa kana wanke mota? Hanya ta tsuke, ruwa ya ƙara ƙarfi. Haka sanyi ke yi wa jijiyoyin fata da na hannu da ƙafa, ya matse su gaba ɗaya, jini ya koma tsakiyar jiki, zuciya ta dinga bugu da sauri tana turawa ta hanyar da ta ƙuntata.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1932 likitoci biyu a asibitin Mayo na Amurka, Hines da Brown, suka fito da gwajin tsoma hannu ɗaya cikin ruwan ƙanƙara don a ga yadda jinin mutum ke hawa. Hannu ɗaya kawai, na minti guda, kuma masu hawan jini nasu ya fi na kowa tashi. Kai kuma jikinka duka kake shirin tsomawa. An kuma daɗe da sanin jini ya fi hawa a lokacin sanyi fiye da lokacin zafi, shi ya sa muke ƙara jan kunnen tsofaffi da hunturu kan wankan asuba da ruwan da ya kwana a waje.

Daƙiƙa 30 na farko su ne mafi haɗari. Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth a Ingila ya shafe shekaru yana nazarin abin da ke faruwa a wannan lokacin: mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba, haki ya biyo baya, bugun zuciya da jini su tashi, sai bayan minti ɗaya zuwa uku abin ke lafawa. In kuma ya nutsar da fuska ya riƙe numfashi, jiki na aika wa zuciya saƙo na biyu cewa ta rage gudu, alhali na farko na cewa ta ƙara. Saƙonnin nan biyu masu karo da juna suna iya rikita bugun zuciya. Saurayi mai lafiya yawanci yakan wuce wannan ba tare da ya sani ba. Mutum ɗan 47 da jijiyoyinsa suka yi shekaru suna ɗaukar matsi, wataƙila zuciyarsa ma ta yi kauri bai sani ba, lissafinsa daban ne.

Za ka ce ai abokina garau yake. Na yarda yana jin garau. Sanyi na sa jiki ya saki sinadaran da ke wartsakar da mutum, ya fito yana jin kamar an sake shi. Amma hawan jini ba a jin sa. Mutum na yawo da 180 bisa 110 yana buga ƙwallo yana dariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manyan da ke da hawan jini ba su ma san suna da shi ba. Ka tambaye shi yaushe rabonsa da awo, da wane inji, sau nawa, kuma me ya nuna. Galibi amsar ita ce ciwon kai ya daina. Ciwon kai ba ma'auni ba ne. Waɗanda ake kawo mana a keken guragu, baki ya karkace, hannu ya naɗe, da yawansu sun ajiye magani ne a lokacin da suke jin sun fi kowa lafiya. Wasu kuma ƙoda ce ke tafiya a hankali, sai an kai ga wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, iyali su sayar da fili da mota.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu yaɗa wannan magana ba sa zuwa ɗakin gashi su ga inda take ƙarewa. Yaro ya koyi ɗaga ƙarfe wata shida ya zama koci, ya kafa kyamara yana ce wa iyayen wasu su watsar da ƙwaya su rungumi ƙanƙara, a ƙasan bidiyon kuma ga lambar sayen baho. Da shi da mai lasifika a bakin kasuwa da kwalba ɗaya mai maganin cuta arba'in duk sana'arsu ɗaya. Suna kafa hujja da Wim Hof, mutumin Holan nan mai zama cikin ƙanƙara, har suna koya wa mutane jan numfashi da sauri kafin shiga ruwa. Wannan jan numfashin na iya sa mutum ya suma, suma a cikin ruwa kuwa ko bai kai gwiwa ba mutuwa ce. Jikin nan amana ce a hannunka, kuma akwai mata da 'ya'ya da ke jiran ka dawo daga Murtala Square da ƙafafunka.

Tunda a gida za ka kafa, ka san ba kai kaɗai zai ja ba. Mai sikila kada ya kusance shi, sanyi na cikin manyan abubuwan da ke tayar musu da ciwo, kuma Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita. Haka mai farfaɗiya, mai ciwon zuciya, mai juna biyu, mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara mutuwa, da mai asmar da sanyi ke tayarwa. Yara kuwa murfi da kwaɗo, mabuɗi a aljihunka.

Gajiyar da ka yi da magani na fahimce ta, kuma tana da mafita a asibiti. In kumburin ƙafa ne ko tari ko raunin kusantar iyali ya sa ka tsane shi, faɗa wa likitanka ƙarara, akwai nau'o'i da yawa da za a canza maka. Motsa jikin da kake yi, da rage gishiri da dunƙulen miya, da rage tumbi, su ne ke sauko da jini a gaskiya, har wani lokaci likita ya rage maka ƙwaya da kansa.

Kuɗin bahon ka fara cire na injin awon jini na dantse daga ciki. Ka auna safe da yamma na mako guda kana zaune ka huta, ka rubuta, ka kai wa likitan da ke duba ka ko sashen zuciya na asibitin Barau Dikko, ka nemi a yi maka gwajin bugun zuciya da na ƙoda, ka faɗa musu abin da kake shirin yi. In awonka na kai 140 bisa 90 ko sama, maganar baho ta tsaya. In sun amince, ka fara da ruwan famfo a ƙafafu zuwa cinya bayan ƙwallo, ba ƙanƙara, ka ci gaba da shan maganinka a kan lokaci. Abokin nan naka kuma ka ɗauki injin ka je ka auna shi da kanka yau ɗin nan.