Lambun makaranta da tukunyar ɗalibai: amsoshin wasiƙunku

Wata malamar darasin noma a makarantar kwana ta 'yan mata a jihar Katsina ta rubuto cewa ɗalibanta sun zana tsarin sabon ɗakin cin abinci da lambu a bayan kicin, burinsu lambun ya ciyar da makaranta. Tana tambayar me za su shuka.

Malama, ki faɗa musu tun yanzu cewa tuwo da shinkafa daga sito za su ci gaba da fitowa. Abin da lambu zai iya ɗauka shi ne miya. Su tambayi masu girki abin da ke shiga tukunya kowane mako, shi za su shuka. Alayyahu ana tsinkarsa cikin mako uku zuwa huɗu, a yanka ya sake tofowa. A haɗa da rama, yakuwa da kuɓewa, a kewaye lambun da zogale. Abu ɗaya da na tabbata bai shiga zanen ba: dogon hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da ciyawa ke cin kasuwarta. Kafin a tafi, a shuka kabewa da dankalin Hausa su rufe ƙasa, a dawo a tarar da abin ci.

Sun kuma tambayi tumatir. A bari sai sanyi ya shigo, kuma kwami kaɗan. Tsutsar da ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016 ba ta bar ƙasar ba.

Ɗaliban wata sakandare a Zariya na son su juya ruwan wanke-wanke zuwa lambu. Ruwan wankin shinkafa da ganye, bismillah. Mai omo da maiƙo kuwa ya tafi gindin ayaba ko dogonyaro, kada ya taɓa ganyen da za a ci.

Shugaban ɗalibai mai kula da lambu a wata makaranta ya ce ramin takinsu na wari, ɓeraye sun tare a ciki. Ɗana, kuna zuba ragowar tuwo da miya da ƙashi ke nan. Waɗannan na kaji ne. Rami na ɓawon kabewa ne da na albasa da sauran ganye, a bi kowane zubi da busasshiyar ciyawa da ɗan kashin awaki, a juya duk bayan mako biyu. Ka damƙi takin a hannunka: ya yi laima amma kada ruwa ya ɗiga.

Wasiƙar da ta tayar mini da hankali ta wani mai kula da sito ce. Ɗalibai sun noma wake, ƙwari sun fara huda shi, wani ya ba shi shawara ya yayyafa fiya-fiya, yana tambayar murfi nawa ake sa wa buhu.

Ko ɗigo, Malam. Na gaji da maimaita wannan magana. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, sai mu kuma mu zuba wa 'ya'yan mutane a kwano? Wanke wake ba ya ba ka tabbacin gubar ta fita. Kuma ka kashe kuɗi a kan abin da rashin iska kaɗai zai yi maka.

Ƙwaron wake numfashi yake yi. Ka hana shi iska, ya mutu, shi da ƙwansa. A kan wannan aka yi buhun PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, ya bazu a Najeriya da Nijar: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Da farko a shanya waken ya bushe ƙarau, har idan ka ciza ka ji ƙas. A sheƙe, a tsince dattin da zai iya huda leda. Ka hura kowace leda ka duba ko tana yoyo, domin hudar allura ɗaya ta isa ta ɓata aikin. A zuba, a matse iskar, a ɗaure ledar ciki ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan buhun. A ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera.

Inda makarantu ke faɗuwa shi ne buɗewa. Yau uwar kicin ta ɗebi mudu biyu, jibi ta sake kwancewa, iska ta koma, ƙwari su farfaɗo, a ce buhu bai yi aiki ba. Ku raba waken: na wata mai zuwa a jarkoki masu murfin kirki, a cika su har baki, a buɗe ɗaya bayan ɗaya. Babban buhu kuwa a rubuta masa ranar ɗauri, a damƙa wa ɗalibai biyu kula da shi, kada a kwance sai jarkokin sun ƙare.

Wanda aka riga aka yayyafa wa magani, idan akwai, a ware shi a rubuta a jikin buhun, ya zama iri na baɗi.